Farantin Injin Goge Mota: Inci 5, Inci 6 ko Inci 3, Wanne Ya Dace da Injinka?

Duk wanda ya sayi injin goge mota karo na farko, hankalinsa kan tafi ne ga abu biyu, soso da man gogewa. Wane soso ne ke cin fenti, wanne ne ke fito da sheƙi, wane mai ne ke ɗauke zane. Farantin nan da ke tsakanin inji da soso kuwa, da wuya a waiwaye shi. Yadda ya zo a kwali haka ake barinsa, har ranar da mutum zai lura ya shafe awa guda a kan ƙofa ɗaya, hannunsa ya mutu da jijjiga, zanen da yake son cirewa kuma yana nan daram. A nan sai a ɗora wa mai laifi, ko a ce injin ba shi da ƙarfi. Sau da yawa kuwa ba laifin ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Farantin ne bai dace da injin ba.

Kafin mu shiga kwatance, ga wani ɗan gwaji da nake so ka yi. Ɗauki maka baƙa, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, ka ja layi mai kauri a bayan farantin, daga tsakiya zuwa baki. Maƙala soso, ɗiga mai, ɗora shi a kan bonet, ka kunna. Yanzu zuba wa layin ido. In kana ganin yana zagayawa, ko da a hankali ne, soson na aiki. In kuwa ka ga ya tsaya wuri ɗaya yana karkarwa kamar mai jin sanyi, to injin na kuka ne kawai, fenti bai san ana yi ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan layin ya rataya.

Dalilin haka yana cikin yadda aka ƙera injin. Wanda ake kira DA motsi biyu yake yi a lokaci guda. Na farko lilo ne: farantin gaba ɗayansa yana kewaya wani ɗan ƙaramin da'ira, kamar yadda hannunka ke yi in kana goge tabo da tsumma. Na biyu juyi ne: farantin yana juyawa a kan cibiyarsa. A mafi yawan waɗannan injina, motar lantarkin da ke cikin injin ce ke tuƙa lilon, amma juyin babu mai tuƙa shi kai tsaye. Farantin yana zaune ne a kan boris, sake yake, ƙarfin lilon ne ke ɗibarsa yana juyawa. Shi ya sa in injin a kashe yake za ka iya juya farantin da ɗan yatsa. Wannan sakin shi ne ya sa DA ya fi rotari, wato injin da juyi kaɗai yake yi, aminci a hannun sabon shiga, domin in ka danna da yawa ko ka karkata, juyin tsayawa yake maimakon ya ƙone fenti. Amma kuma shi ne rauninsa. Duk abin da ya ƙara wa juyin nauyi, yana iya tsayar da shi, kuma babu abin da ke ƙara masa nauyi kamar girman faranti da soso.

To, bari mu zo ga babbar gardama, inci 5 da inci 6. A awon milimita ana kiransu 125 da 150. A ido bambancin inci ɗaya ne tak, kamar bai kai a tsaya magana a kai ba. Lissafi kuwa ya nuna ba haka ba ne. Fuskar faranti mai inci 5 ta kai kusan murabba'in inci 19.6, ta mai inci 6 kuma 28.3. Ƙarin ya kai kashi 44 cikin 100. In ka koma ga sosunan da aka saba ɗora musu, mai inci 5.5 da mai inci 6.5, ƙarin fili ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Wannan ne hujjar masu son babba, kuma hujja ce mai kan gado: kowane wucewa ɗaya yana taɓa fili mai yawa, ga shi bakin babban faranti yana cin tafiyar da ta fi ta ƙarami da kashi 20 cikin 100 a kowane juyi. A kan rufin babbar mota ko gefen bas, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai akwai sharaɗi, wato injin ya iya juya shi. Nauyin hannunka ɗaya ne ko da wane faranti ka ɗaura. In ka baza wannan nauyin a kan fili mai faɗi, abin da kowane ɗan gurbi na fenti ke samu ya ragu, cin soson ya yi sanyi. In ka ce bari ka ƙara dannawa don ka rama, sai gogayyar da ke can bakin soso, nesa da cibiya, ta riƙe juyin. Layin makarka ya tsaya. Ka sassauta, ya juya amma ba ya ci. Ka danna, ya tsaya. Haka mutum zai yi ta fama tsakanin biyun. Ga kuma soson da kansa: babban soso ya fi shan mai, in ya jiƙe ya yi nauyi, nauyin kuma ya ƙara danne juyin. Wanda ya fara aiki da safe injinsa na juyi lafiya, zai ga bayan fanel biyu ko uku, wato ɓangarorin jikin mota irin su ƙofa ko bonet, abin ya fara ja da baya, alhali bai canza komai ba.

Injinan da aka fi samu a hannun masu farawa su ne masu gajeren lilo, milimita 8 ko 9. Porter-Cable 7424XP na cikinsu, da Meguiar's MT300, da DAS-6, da Griot's Garage G9. A kan irin waɗannan, ni ban ga abin gardama ba: inci 5 da soso mai inci 5.5, mara kauri. Da yawa daga cikinsu da faranti mai inci 6 suke zuwa, shi ya sa mutane ke ɗauka shi ne daidai. Yana aiki, ba a ce ba ya yi ba, musamman wajen shafa kakin kariya ko man ƙarshe, inda ba a buƙatar dannawa. Amma in ana maganar cire zane ne, ɗora wa injin milimita 8 soso mai inci 6.5 mai kauri, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza. Ranar da na fara sauke nawa daga 6 zuwa 5, ban canza mai ba, ban canza irin soso ba, amma sai na ji kamar an ba ni wani injin daban. Layin da ke tsayawa da zarar na iso lanƙwasar fenda, sai ga shi yana wucewa ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Akwai wani abin da masu lissafin fili ba su cika sa wa a ma'auni ba, wato siffar motocin yanzu. Ɗauki tsumma ka bi jikin motarka a hankali, ka nemo inda ya miƙe sumul da faɗin da ya kai tafin hannu biyu. Rufi, tsakiyar bonet, wataƙila tsakiyar ƙofa. Sauran duk lanƙwasa ne, da kwari, da layukan da aka karya ƙarfe don ado. Babban soso in ya shiga kwari, gefensa biyu ne ke taɓawa, tsakiya na shawagi. In ya hau tudu, tsakiya ce kaɗai ke taɓawa. Ko ta yaya, filin nan mai yawa da ka saya ba ya taɓa fenti gaba ɗayansa, matsi kuma ya taru a gefe guda ya tsayar da juyi. Ƙaramin faranti ya fi samun wurin zama daidai.

Ba wai inci 6 ba shi da gida ba. Gidansa injina ne masu dogon lilo. Kamfanin Rupes na ƙasar Italiya ne ya shahara da su, da jerin injinansa na BigFoot. LHR21 lilonsa milimita 21 ne, kuma da faranti mai milimita 150 aka tsara shi. LHR15 lilonsa milimita 15, farantinsa 125. Dubi yadda kamfanin da kansa ya haɗa su: dogon lilo da babban faranti, matsakaicin lilo da ƙarami. Dogon lilo yana ɗibar faranti da ƙarfi, kuma shi kansa lilon yana yin aiki mai yawa, don haka ba a buƙatar dannawa sosai. A kan manyan motoci masu shimfiɗaɗɗen jiki, mai 21 da inci 6 ba a kama ƙafarsa wajen sauri. A kan ƙaramar mota mai yawan lanƙwasa kuwa, shi ma yana tsayawa, kuma faɗin lilonsa yana hana shi matsowa kusa da madubi ko hannun ƙofa. Wasu kan ɗaura wa mai 21 faranti mai inci 5 don su haɗa dogon lilo da ƙaramin soso. Ana yi, yana kuma ƙara juyi, amma ka sani ka fita daga ma'aunin da aka daidaita injin a kai, don haka ka saurari hannunka, in jijjiga ta ƙaru ka koma.

Rukuni na uku su ne masu juyin dole, waɗanda giya ce ke tuƙa juyin ba lilo ba. Flex XC 3401 VRG na ƙasar Jamus shi ne sanannensu, akwai kuma Rupes Mille, da Makita PO5000C wanda ke da maɓallin sauyawa tsakanin juyin dole da na sake. Waɗannan ba sa tsayawa, ka danna ko kada ka danna, saboda haka gwajin maka ba shi da amfani a kansu. Farantinsu ma na musamman ne, wanda aka ƙera don ya shiga giyar injin, ba ka da zaɓi sai abin da aka yi wa injin. Abin lura a nan ɗaya ne: babban soso a kan injin juyin dole yana jan hannu, yana son ya yi tafiyarsa, ƙarami ya fi biyayya.

Yanzu ga inda ake yawan yin asarar kuɗi, maɗaurin faranti. Kafin ka duba girma ko launi ko suna, kwance naka ka dubi yadda aka ɗaure shi. Injinan milimita 8 irin na su Porter-Cable, farantinsu na da ƙarfe mai tiredi da ya fito daga bayansa, ana murɗa shi cikin injin, awonsa 5/16-24, wato kaurinsa kashi 5 cikin 16 na inci, da haƙora 24 a kowane inci. Masu dogon lilo irin na Rupes ba haka suke ba, farantin na da rami a tsakiya, noti mai awon M8 ne ke ratsa shi ya ɗaure, da alanki ake kwance shi, bayan farantin kuma akwai gurbi mai siffa ta musamman da ke zama a kan sandar injin. Farantin rotari kuma duniyarsa daban, 5/8-11 a Amurka, M14 a Turai, ba ya ko kusantar DA.

Tarkon yana tsakanin 5/16 da M8. Kashi 5 cikin 16 na inci milimita 7.94 ne, M8 kuwa milimita 8. Da ido ba za ka bambance su ba. Amma tazarar haƙoransu ba ɗaya ba ce, na farko wajen milimita 1.06, na biyu 1.25. Zai shiga, ya yi zagaye ɗaya ko biyu, sannan ya cije. Wanda bai sani ba sai ya ɗauko sifana ya ƙara masa ƙarfi, ya cinye tiredin sandar injinsa. Faranti na gaskiya da yatsu yake shiga har ƙarshe, sifana aikinta riƙe sandar ne kawai a ɗaurin ƙarshe. In ka ji ya cije tun da wuri, tsaya, ba naka ba ne.

Sai washa. Ɗan zobe ne na roba mai tauri ko faiba, kusan faɗin maɓallin riga, yana zama a kan tiredin farantin 5/16, tsakaninsa da injin. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsole maka ido. Na taɓa canza faranti cikin gaggawa, washar ta faɗi ƙasa ban gani ba, na ɗaure haka. Minti kaɗan da fara aiki sai na ji wata ƙara kamar ana kaɗa cokali a gwangwani, sannan warin roba mai ƙuna ya biyo baya. Da na kashe na kwance, sai ga zobe mai sheƙi a bayan farantin inda kawunan ƙusoshinsa suka yi ta gogar ƙarfen daidaita nauyi, tsakiyar soson kuma ta lotsa, ta yi zafin da ba na iya ɗora yatsa a kai. Washar nan ita ce ke ba da ɗan ratar da ke hana ƙarfe taɓa ƙarfe, tana kuma rage zafin da ke gangarowa daga sanda zuwa faranti. Tun daga ranar nake ajiye guda biyu ko uku a cikin akwatin injin. In sabon faranti ya zo babu ita, kada ka kunna sai ka samo.

Na ambaci ƙarfen daidaita nauyi, ya kamata in tsaya a kansa, domin shi ne ya sa nauyin faranti ya zama abin dubawa ba girmansa kaɗai ba. Tunda farantin ba a tsakiyar sandar motar injin yake zaune ba, a gefe yake, dole a sa wani ƙarfe a ɗaya gefen ya rama nauyinsa, in ba haka ba injin zai riƙa fizgar hannu. An auna wannan ƙarfen ne da nauyin faranti da soson da kamfanin ya tsara. Porter-Cable ma ƙarfe iri biyu ya yi wa injinan wannan jerin, ɗaya na inci 5, ɗaya na inci 6. In ka ɗaura farantin da ya fi na asali nauyi sosai, ko ya fi shi sauƙi sosai, ma'aunin ya karkace. A gajeren lilo abin da sauƙi, injin na yafewa, shi ya sa ake sauya faranti a kansu ba tare da wata damuwa ba. A dogon lilo kuwa ba ya yafewa, domin kowane giram na ƙari ana wurga shi ne a da'ira mai faɗi, sau dubbai a minti ɗaya. Sakamakon jijjiga ce da ke kashe yatsu, da boris da ke mutuwa kafin lokacinsa. Saboda haka a kan mai 15 ko 21, na fi son farantin kamfanin da ya ƙera injin, ko wanda aka rubuta ƙarara cewa don wannan injin aka yi shi. In kana da ma'aunin giram, auna tsohon da sabon, ka ga ko sun yi kusa.

A kan wasu injinan Rupes akwai wata roba da ta kewaye kan injin, tana ɗan taɓa bayan faranti da gangan, don ta hana shi gudu fiye da kima in an ɗaga shi daga fenti. Farantin da ba na asali ba yana iya matse wannan robar ya kashe juyi, ko ya bar rata. Wani dalilin ke nan na tsayawa a kan na asali.

Inci 3, wato milimita 75, ba abokin takarar waɗancan biyun ba ne, mataimaki ne. Bamba, ginshiƙan gilashi, kewayen lambar mota, ƙasan madubi, bakin but, nan ne wurinsa. Fuskarsa murabba'in inci 7 ne kacal, bai kai rabin na inci 5 ba, don haka duk nauyin hannunka a ɗan wuri yake taruwa. Yana ci da sauri, yana kuma yin zafi da sauri. Rage gudun injin, sassauta hannu, kada ka daɗe a wuri guda, musamman a kan bamba ta roba wadda ba ta watsa zafi kamar ƙarfe. Ka tuna fatar sama ta fenti, wadda masu fenti ke kira kiliya, a motar da ta fito daga kamfani kaurinta bai cika wuce maikuron 40 zuwa 50 ba, bai ma kai kaurin takardar rubutu ba. Abin da ka cinye ba ya dawowa.

Ana iya ɗaura inci 3 a kan injin milimita 8 mai tiredin 5/16, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa nake son waɗannan injina ga mai inji ɗaya. Illa dai kan injin ya fi soson faɗi, yana rufe maka gani, kuma in ba ka kula ba gefensa na iya bugun fenti. A kan mai 15 ko 21 kuwa, kada ma ka fara. Lilon ya yi wa ɗan soson faɗi, nauyi bai daidaita ba, maɗaurin ma galibi ba ya karɓa. Wanda ke da dogon lilo kuma yana son ƙaramin soso, ƙaramin inji zai nema, irin LHR75E mai lilon milimita 12.

Duk girman da ka zaɓa, soso ya fi faranti faɗi. Abin da aka saba shi ne rarar rabin inci: faranti 5 da soso 5.5, faranti 6 da soso 6.5, faranti 3 da soso 3.5 ko 4. Sosunan Rupes masu baki a karkace ne, bayansu ƙarami fuskarsu babba, shi ya sa ake rubuta musu lamba biyu, kamar 130/150 na farantin 125, da 150/180 na farantin 150. Lambar farko ce ta shafi farantinka. Wannan rarar ita ce garkuwarka. In faranti ya kai bakin soso ko ya zarce, ranar da ka matso kusa da hannun ƙofa ko ka shiga kwari, bakin farantin ne zai daki fenti, kuma abin da zai bari ba mai da zai cire shi. In kuma soson ya yi wa faranti yawa, misali 6.5 a kan inci 5, bakinsa ba shi da mai tallafa masa, sai ya riƙa naɗewa yana fal-fal, matsi ya tsaya a tsakiya, zoben da bakin farantin ke dannawa kuma ya yanke bayan soson tun bai tsufa ba.

Batun tauri da laushi na da nasa muhimmancin, ko da yake bai kai na girma ba. Mafi yawan farantan DA tsakiyarsu mai tauri ce, an zuba mata roba irin ta foliyuritan a kewaye, bakin ya sirance. Kama bakin da yatsa biyu ka lanƙwasa. Wanda ya ba da kai cikin sauƙi yana bin lanƙwasar mota, yana kuma sassauta matsi a bakin soso, ya fi dacewa da mai koyo da kuma aikin ƙarshe. Mai tauri yana isar da ƙarfin injin ga fenti ba tare da ya shanye shi a hanya ba, don haka ya fi ci, kuma shi ne abokin soson maikurofaiba da siraran sosuna a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Amma ba ya rufa wa hannu asiri: ɗan karkacewa kaɗan, duk nauyi ya koma gefe guda. Haɗa faranti mai laushi ƙwarai da soso mai kauri mai laushi shi ne mafi raunin haɗi wajen cire zane, domin lilon milimita 8 na iya ɓacewa a cikin laushin kafin ya iso fenti, bayan soson na motsi, fuskarsa na nan kusan a tsaye. In zan riƙe ɗaya tak, matsakaici zan ɗauka, mai tsakiya tsayayya da baki mai ɗan ba da kai.

Ramukan da ke jikin wasu farantai, a injin goge fenti don iska aka yi su. A DA zafi ya fi taruwa ne a tsakiya, bayan soso, inda sanda da boris suke, da inda maƙalin da ke haɗa soso da faranti ke gogar juna dubban sau a minti. Ramuka na taimakawa, haka ma soso mai huda a tsakiya. Taimako ne dai, ba magani ba. Maganin zafi shi ne yawan sosuna: ka canza bayan fanel ɗaya ko biyu, ka bar wanda ya yi zafi ya huce, kada kuma ka wuni a kan gudu na ƙarshe. Porter-Cable 7424XP na kaiwa lilo 6,800 a minti, ba kowane aiki ne ke buƙatar haka ba. Duba kuma iyakar gudun da aka rubuta a jikin farantin ko kwalinsa, kada ta gaza ta injinka.

Na bar fuskar farantin a ƙarshe, wato maƙalin nan da aka fi sani da sunan Velcro. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi, bayan ya lura da yadda 'ya'yan wata ciyawa mai kama da ƙarangiya ke maƙale wa tufafinsa da gashin karensa. Ƙananan ƙugiyoyi a gefe ɗaya, zaren madauki a ɗaya gefen. A nan ne faranti mai kyau da na banza ke rabuwa, kuma a nan ne araha ba ta ado. Na taɓa sayen wani mara suna saboda sauƙin kuɗinsa. A ido ba shi da laifi. A rana ta biyu, da zafi ya ratsa shi, gam ɗin da ke riƙe maƙalin ya saki daga baki, soson ya goce gefe yana rawa. Allah ya taimaka na ga alamar da wuri na ɗaga. Da ya fice gaba ɗaya, fuskar farantin ce tsirara za ta sauka a kan ƙofa. Kafin ka saya, sa farce a bakin maƙalin ka ɗan ɓanɓara. Wanda aka haɗa shi da jikin robar tun wurin zubi ba ya ba da kafa, wanda aka liƙa da gam kawai za ka ga layin haɗin, wani lokaci ma ya ɗaga. Ka ɗaura shi a injin, ka juya da hannu kana kallon bakinsa daga gefe: in yana hawa da sauka, a karkace yake, mayar da shi.

Ƙarfin kamun ma yana da iyaka. Wanda ƙugiyoyinsa suka cika kamu yana yage bayan soso duk lokacin da za ka cire, wanda ya cika sanyi kuma yana barin soso ya riƙa zamewa, zamewar na haifar da zafi. Farantan da aka yi don takardar yashi ƙugiyoyinsu sukan zama gajeru, ba kowane soso suke riƙewa da kyau ba, don haka ka tabbata na goge fenti ka saya.

Faranti kayan ƙarewa ne kamar soso, sai dai ya fi shi daɗewa. In ka ga ƙugiyoyin tsakiya sun kwanta sun yi sheƙi kamar an goge su da dutsen guga, ko robar baki ta fara tsagewa, ko ƙarfen tiredin ya fara motsi a cikin gurbinsa, lokacin canji ya yi. Abin da ke tsawaita kwanansa kaɗan ne. Bayan aiki, ɗauki buroshi mai tauri ka share zare da busasshen mai daga cikin ƙugiyoyin. Kada ka ajiye injin a kife a kan farantin, bakin na lanƙwashewa ya zauna haka. Wajen cire soso kuma, bar shi ya ɗan huce tukuna, sannan ka tura yatsunka tsakanin maƙalin biyu ka raba su a hankali daga gefe zuwa gefe, kada ka kama naman soson ka fizga.